Wa Zai Tsaya wa Baƙo? Tarihin Mafaka da Lauyan Talaka, Daga Zauren Mai Gida Zuwa Kotu

A watannin baya an yi wani samame da asuba a wani kango da ke bayan unguwar nan, aka kwashe samarin da ke kwana a ciki. Ina cikin waɗanda suka raka dattawa zuwa ofishin da aka kai su. Tambaya ɗaya ake ta maimaita wa kowa: kai ɗan ina ne, ina takardarka? Uku daga cikinsu ba su fita raina ba har yau. Na farko ɗan Zamfara ne, 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu. Na biyu ɗan Nijar ne, ya zo ci-rani yana ga-ruwa. Na ukun Hausarsa da ɗan nauyi, ya ce daga Bangi ya fito, babban birnin Afirka ta Tsakiya, ya ratso ta Kamaru bayan an ƙona musu gida.

A wurin jami'in da ke rubutu, su ukun duk abu ɗaya ne. A wurin doka kuwa mutum uku ne daban-daban, kowanne da haƙƙinsa da ƙofar da ya kamata a ƙwanƙwasa masa. Mu da muka je tsaya musu ba mu san wannan bambanci ba, roƙo da ban-haƙuri kawai muka iya. Biyu sun fito a ranar. Na ukun sai da ya ƙara kwanaki, alhali shi ne doka ta fi yi wa tanadi. Abin da ya sa ke nan na zauna na bi tarihin wannan al'amari, tun daga yadda kakanninmu ke karɓar baƙo har zuwa yadda kotu ke kallonsa a yau.

Zauren mai gida

Tun kafin a san wata hukuma ta 'yan gudun hijira, Sabo na da nata tsarin. An kafa unguwar nan a 1916, zamanin Turawa, aka tattaro Hausawan da ke zaune a cikin garin Ibadan aka ba su wuri nasu a gefen Mokola. A lokacin jirgin ƙasa ya riga ya haɗa Ikko da Kano, shanu na gangarowa kudu, goro na hawa arewa. Falken da ya sauka a Badun, mai gida yake nema. Shi zai ba shi ɗaki, a aiko masa da tuwo daga cikin gida, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali. In mahauci ya karɓi shanu bashi, mai gida ne lamuni. In rigima ta taso sai a je gaban Sarkin Hausawa, in ta wuce nan mai gida ya raka baƙonsa gaban hukuma ya ce, “Wannan baƙona ne, na san shi, na san ubangidansa.”

Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan a farkon shekarun 1960, ya kuma fitar da littafi a kanta a 1969. Abin da ya nuna shi ne, duk cinikin goro da na shanu a kan amana ya tsaya, amanar kuma a hannun masu gida take. Ka ga ke nan mai gida shi ne masauki, shi ne banki, shi ne kuma lauya.

Sai dai tsarin yana da rauni ɗaya. Maganar mai gida tana aiki ne a inda aka san fuskarsa. Ranar da hukunci ya fito daga babban birni, a rubuce, da sa hannun minista, “na san shi” ba ta isa can. Mutanenmu sun ga haka da idonsu a Gana.

Mako biyu a Gana

Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar Gana cikin mako biyu. Umarnin ya faɗa kan zangunan Kumasi da na Akra, wadda iyayenmu ke ce wa Ankara. Da yawa cikin waɗanda abin ya shafa a can aka haife su. Kakannin wasunsu fataken Gwanja ne da suka bi hanyar goro tun kafin Turawa su ja iyaka. Ba su taɓa neman takarda ba, don ba wanda ya taɓa tambayarsu. Aka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, aka yi dafifi a tashoshin mota da kan iyaka. Waɗanda suka fice sun haura dubu 100 nesa ba kusa ba, mafi yawansu 'yan Najeriya: Yarbawan Ogbomosho da Shaki da Igboho, da Hausawa. Suka dawo ƙasar da ke cikin yaƙin basasa a lokacin, wasunsu ba su ma taɓa taka ta ba.

Waɗannan zanguna suna da sarakuna, suna da limamai da attajirai masu faɗa a ji. Duk da haka ba a saurari mutum ɗaya-ɗaya an ji labarinsa ba. An yi shara ce kawai, kowa tsintsiya ta taɓa ya tafi.

Ranar da aka kai ɗan majalisa Chadi

Bayan shekara goma sai abin ya faru a gida, a kan mutumin da ba wanda ya zaci za a taɓa. Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman shi ne shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim. A watan Janairun 1980 jami'an shige da fice suka ɗauke shi a Maiduguri suka tsallaka da shi Chadi, bisa takardar kora da ma'aikatar harkokin cikin gida ta gwamnatin Shagari ta fitar. Hujjarsu ita ce wai ba ɗan Najeriya ba ne, mahaifinsa daga Chadi ya fito.

Bambancin Shugaba da mutanen zangon Kumasi shi ne ya sami lauyoyi. Suka shigar da ƙara a babbar kotun Maiduguri a ƙarƙashin sabon tsarin mulkin 1979. Aka kawo shaidu, aka bi asalinsa, kotu ta tabbatar mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce, don haka shi ma ɗan ƙasa ne, ta soke korar ta kuma ce a biya shi diyya. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara zuwa Kaduna, ba ta yi nasara ba. Har gobe ɗaliban lauya na karanta wannan shari'a.

Darasi biyu ke cikinta gare mu. Na ɗaya, ba a korar ɗan ƙasa daga ƙasarsa, kuma ko ta wajen uwa kaɗai mutum ya haɗa jini da ƙasar nan ya isa. Na biyu, in har za a iya ce wa shugaban masu rinjaye “kai ɗan Chadi ne” a jefa shi mota, to ina ga mai shayi ko ɗan acaba? Kalmar nan ta “kai ba ɗan nan ba ne” a kanmu ta fi saurin sauka, mu da kamanninmu da harshenmu ɗaya ne da na 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Garwa.

Buhun da ya sami suna

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Zamanin arzikin mai na shekarun 1970 mutanen Gana da Nijar da Chadi da Togo da Benin suka cika Najeriya neman abinci. Da farashin mai ya faɗi, ga zaɓe na tafe, ga kuma tarzomar Maitatsine ta 1980 da ta sa ake yi wa baƙi kallon zargi, sai ranar 17 ga Janairu 1983 ministan cikin gida, Alhaji Ali Baba, ya ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya fice. Wa'adin Busia sak. An ƙiyasta mutum wajen miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana. Gana kuma ta rufe iyakarta tun watannin baya, sai mutane suka maƙale a kan iyakokin Benin da Togo da tashar jirgin ruwan Apapa, wasu suka rasa rayukansu a turmutsitsi da yunwa. Buhun nan mai zane-zane da ke ƙarƙashin gadon kowannenmu daga nan ya sami sunansa na Gana-mas-go. A 1985 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta sake wata korar.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, cikin waɗanda aka kora akwai 'yan Chadi da yaƙi ya koro. A 1980 an gwabza a cikin birnin Njamena kansa, mutane suka tsallako kogi zuwa Kusiri, wasu suka wuce Borno har kudu. A lokacin Najeriya ba ta da wata doka ta cikin gida da ke rarrabe wanda ya gudo daga harsashi da wanda ya zo neman kuɗi. Mota ɗaya aka loda su.

Yadda dokar ta iso

A takarda dai dokar duniya ta girmi wannan kora. A 1951, bayan yaƙin duniya na biyu, aka ƙulla yarjejeniyar Jeniba kan 'yan gudun hijira. Da farko don mutanen da yaƙin Turai ya ɗaiɗaita aka yi ta, sai a 1967 aka cire wannan iyaka. Ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda ya bar ƙasarsa saboda tsoron a zalunce shi kan launinsa ko ƙabilarsa, addininsa, ƙasarsa, rukunin jama'ar da yake ciki ko ra'ayinsa na siyasa. Shugabannin Afirka suka ga wannan bai ɗauke irin namu bala'in ba, don wanda yaƙi ya ci garinsu ba lalle ne a ce shi aka nufa da sunansa ba. Sai a watan Satumba 1969, a Adis Ababa, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta yi tata yarjejeniyar, ta ƙara da wanda ya gudu saboda mamaya, mulkin baƙi ko tashin hankalin da ya rikita zaman jama'a.

Ginshiƙin yarjejeniyoyin biyu abu ɗaya ne: ba a mai da mutum inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari, ba kuma a yanke masa hukunci sai an saurare shi. Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce a wurin duk wanda ya zauna a makarantar zaure. Lokacin da Sahabbai suka yi hijira zuwa Habasha, Ƙuraishawa sun aika Amru ɗan Asi da abokin tafiyarsa da kyaututtuka, suna neman a miƙa musu mutanen ba tare da an ji ta bakinsu ba. Fadawa suka goyi baya. Najjashi ya ƙi, ya ce sai ya ji daga gare su. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, Allah Ya ƙara masa yarda, ya miƙe ya yi magana a madadin kowa, sarki ya bar su cikin amincinsa. Ga mai neman mafaka, ga mai neman a mai da shi, ga mai magana da yawunsa, ga mai hukuncin da ya ƙi yankewa sai ya saurara. Duk abin da aka rubuta a Jeniba da Adis Ababa bai wuce wannan zama ba.

Najeriya ta shiga yarjejeniyar Jeniba tun 1967. Amma a tsarinmu yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama dokar da alƙali zai yi aiki da ita sai an mai da ita dokar gida. Hakan bai faru ba sai 1989, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta fitar da doka mai lamba 52, wadda ta kafa Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Ƙasa. Dokar ta tsara cewa mai neman mafaka zai gabatar da buƙatarsa ta hannun jami'in hukuma ko ta ofishin hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNHCR. Wani kwamiti zai tantance labarinsa. In aka ƙi shi yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara gaban wani kwamitin na masana shari'a. Duk tsawon wannan lokaci yana da izinin zama, shi da iyalinsa, ba kuma za a gurfanar da shi don ya shigo ba fasfo ba. Wanda ake ƙona wa gida ai ba ya tsayawa neman biza. Daga baya aka ƙara wa hukumar aikin kula da 'yan ci-rani da waɗanda rikici ya raba da gidajensu a cikin ƙasa, shi ya sa yanzu ake kiranta NCFRMI.

Oru, a hanyar Ijebu

Dokar ba ta daɗe ba aka gwada ta, a nan kusa da mu. A ƙarshen Disamba 1989 yaƙi ya ɓarke a Laberiya. A 1990 dakarun ECOMOG suka sauka a Monrobiya, jiragen ruwa suka riƙa kwaso mutane zuwa Ikko. Gwamnati ta buɗe musu sansani a Oru, cikin jihar Ogun, a kan hanyar Ibadan zuwa Ijebu-Ode, a harabar wata tsohuwar kwalejin horon malamai. Da yaƙin Saliyo ya tashi a 1991 su ma suka biyo, daga baya aka sami mutanen Kwango da Ruwanda da Sudan. Duk wanda ya saba bin wannan hanya ya wuce ta kusa da su, ko ya sani ko bai sani ba. UNHCR da ƙungiyar Red Cross da hukumar adalci da zaman lafiya ta cocin Katolika da ke Ijebu-Ode sun yi aiki a wurin: abinci, magani, makaranta, koyon sana'a.

An zaci zaman wata shida ne ko shekara, sai ga shi ya haura shekara ashirin. Aka haifi yara a sansanin, suka girma suna jin Yarbanci. Da yaƙe-yaƙen suka ƙare sai aka ba mutane zaɓi: ko su koma gida da ɗan tallafi, ko su zauna a Najeriya a matsayin 'yan ECOWAS, ƙasarsu ta ba su fasfo, Najeriya ta ba su izinin zama. A kan haka aka sa hannu a wata yarjejeniya a 2007. Matsayin gudun hijira na 'yan Saliyo ya ƙare a ƙarshen 2008, na 'yan Laberiya a ƙarshen Yunin 2012, aka rufe sansanin.

A nan ne aka ga amfanin shawarar lauya da kuma illar rashinta. Wanda ke da dalilin da ya hana shi komawa yana da damar neman a keɓe shi, amma sai ya san da damar, ya cike takarda a kan lokaci, ya iya ba da labarinsa a tsare. Akwai waɗanda suka rage a yankin Oru bayan an rufe, katin gudun hijira ya daina aiki, fasfo bai samu ba, suka zama ba su ga tsuntsu ba su ga tarko. Abinci da bargo na ƙarewa da ƙarewar sansani. Takarda ce ke bin mutum har 'ya'yansa.

Lauyan talaka

To wa zai biya lauyan? Wannan ma yana da nasa tarihin. A farkon shekarun 1970 wasu lauyoyi, a gabansu akwai Cif Chimezie Ikeazor, suka fara fafutukar cewa bai kamata talauci ya hana mutum mai kare shi a kotu ba. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fitar da doka mai lamba 56, ta kafa hukumar tallafin shari'a, wadda a allon ofisoshinta za ka ga an rubuta Legal Aid Council. Da farko manyan laifuka irin su kisan kai kaɗai take karɓa. Dokar 2011 ta faɗaɗa aikinta zuwa shawara, sulhu da wasu ƙararrakin da ba na laifi ba, ga wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba. Tana da ofis a jihohi, har da nan Oyo. Sashe na 16 na yarjejeniyar Jeniba kuma ya ce ɗan gudun hijira yana da damar zuwa kotu daidai da ɗan ƙasa, har da tallafin lauya.

Akwai wani abu a tsarin mulkin 1999 da ya kamata kowane mai gida ya haddace. Wasu haƙƙoƙin “ɗan ƙasa” aka ce, kamar yawo da zama a duk inda mutum ya so a sashe na 41. Wasu kuwa “kowane mutum” aka ce, baƙo ne ko ɗan gida. Cikinsu akwai sashe na 35, da ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa, ko kwana biyu in babu. Akwai sashe na 36, da ya ba wanda ake tuhuma damar kare kansa, da tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irinta, ta hana a kama mutum a madadin ɗan'uwansa, ta kuma sa majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata yana duba waɗanda ke tsare. Tun 2009 kuma ƙa'idojin ƙarar tauye haƙƙi suka ba wani damar shigar da ƙara a madadin wanda ke kulle. Wato mai gida na iya tsaya wa baƙonsa a gaban alƙali kamar yadda kakansa ya tsaya a gaban sarki.

Ban da wannan hukuma akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da aka kafa a 1995. Akwai kwamitocin kare haƙƙi na ƙungiyar lauyoyi, akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA ga al'amarin mata da yara, akwai kuma ofishin ba mata shawarar shari'a kyauta a tsangayar lauya ta Jami'ar Ibadan. Kada a ɗauka komai na tafiya sumul. Lauyoyin gwamnati kaɗan ne, ƙararraki sun yi musu yawa, wanda ba a bibiyar maganarsa sai fayil ɗinsa ya kwanta. Amma ƙofofin suna nan, mu ne ba mu cika zuwa ba.

Doka na nan, ana kuma taka ta

Kada a ce samuwar doka ta kashe magana. Tun 2017 rikicin yankin masu magana da Turancin Ingilishi na Kamaru ya turo dubun dubatar mutane zuwa Kuros Riba da Binuwai da Taraba da Akwa Ibom, aka buɗe musu matsugunai a wajen Ogoja. A Janairun 2018 jami'an tsaro suka kama jagoran 'yan awaren, Sisiku Ayuk Tabe, da abokansa a wani otal a Abuja. Kafin watan ya ƙare aka miƙa mutum 47 ga Kamaru, alhali da yawansu sun nemi mafaka. UNHCR ta fito ta ce an saɓa ƙa'ida. Lauyoyi, cikinsu har da Femi Falana, suka kai ƙara, a watan Maris 2019 babbar kotun tarayya a Abuja ta ce kamun da miƙawar sun saɓa doka, ta ba da umarnin a dawo da su a biya su diyya. Ba a dawo da su ba. Kotun soja a Yawunde ta yanke wa jagororin ɗaurin rai da rai. Wannan ya nuna lauya ya fi amfani kafin mota ta tashi. Shugaba ya dawo, waɗannan hukunci ya riske su a tsallaken iyaka.

Namu ma sun ɗanɗana. Mutanen Borno sun cika sansanin Minawawo a Kamaru da yankin Diffa a Nijar, na Sakkwato da Zamfara da Katsina sun tsallaka Maraɗi. A 2017 ƙungiyar Human Rights Watch ta ruwaito cewa sojojin Kamaru sun tilasta wa 'yan Najeriya wajen dubu 100 komawa tun daga 2015. Ƙa'idar da muke so a kiyaye wa ɗan'uwanmu a can, ita ce ake nema mu kiyaye wa baƙonmu a nan.

Mafaka kuma ba mafakar mai laifi ba ce. Yarjejeniyar kanta ta cire wanda ya aikata laifin yaƙi ko wani babban laifi. Da aka ba Charles Taylor masauki a Kalaba a 2003, 'yan Najeriya biyu da 'yan tawayen Saliyo suka nakasa sun je kotu suna ƙalubalantar hakan. A 2006 aka kama shi a Gamborun Ngala yana neman tsallakawa, aka miƙa shi ga shari'a. Tsaya wa baƙo shi ne a tabbatar an saurare shi. In an saurara aka same shi da laifi, ba mu da ta cewa.

Mutum uku, ƙofa uku

Mu koma kan samarin nan. Ɗan Zamfara ɗan ƙasa ne, yana da 'yancin zama a Ibadan kamar yadda yake da shi a Gusau, ba mai ikon loda shi a mota a mai da shi arewa. Abin da yake buƙata shi ne lambar NIN da takardar haihuwa ko ta shaidar shekaru, da wanda zai faɗi inda yake kwana da sana'arsa.

Ɗan Nijar ya daɗe yana cin albarkacin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda ta ba shi kwana 90 ba biza, bayan nan ya nemi katin zama. To amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. ECOWAS ta ce a ci gaba da barinsu suna shige da fice har sai an sanar da wani abu dabam. Wanda ya karanta labarin 1969 da na 1983 ya san irin wannan sassauci sanarwa ɗaya ke ɗauke shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gara a gyara takardu yanzu da ake zaune lafiya.

Mutumin Bangi kuwa ƙasarsa ba ta cikin ECOWAS, amma shi ne ainihin wanda aka yi dokar 1989 dominsa. Kamata ya yi tun zuwansa a raka shi ofishin NCFRMI a Legas ko Abuja ya yi rajista, a ba shi takardar mai neman mafaka, ya riƙa sabunta ta, a kuma sama masa wanda zai taimake shi ya tsara labarinsa kafin ranar tantancewa. Babban kuskuren da muke yi, da sunan taimako, shi ne mu ce masa, “Ka ce kai ɗan Katsina ne,” ko a sayo masa takardar asalin wata ƙaramar hukuma. Ranar da asiri ya tonu ya zama mai laifi, labarinsa na gaskiya ma ba mai yarda da shi kuma. Baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida yana iya samun NIN a matsayinsa na baƙo, ba sai an yi ƙarya ba.

Shawarata ga masu gida da shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin matasa ba ta da tsada. A sami littafi a fadar Sarki da ake rubuta baƙon da ya sauka, daga ina, a hannun wa. A sami lambar lauya biyu ko uku da ta ofishin tallafin shari'a a manne a masallatai da rumfunan shugabanni. 'Ya'yanmu da suka karanta lauya su ware ko da yini ɗaya ne a wata su zauna a zaure. A sami masu jin Turanci da Yarbanci da Faransanci da za a iya tasa ko da tsakar dare su yi tafinta. A gaya wa kowa kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Kowane jariri kuma, na ɗan gida da na baƙo, a karɓo masa takardar haihuwa daga hukumar ƙidaya kafin a yaye shi.

Mutumin Bangi yana nan cikinmu, an raka shi ya yi rajista, yana jiran ranar da za a kira shi. Allah Ya sa a saurare shi da adalci, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa cikin aminci.